Tsuntsu Ko Lamba? Sharhi Kan Littafin The Big Year

A shekarar 1998 mutum uku a Amurka suka shiga wata gasa da ba ta da kofi, ba ta da ladan ko sisi: wa zai fi ganin nau'o'in tsuntsaye daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba? Labarinsu ne ɗan jarida Mark Obmascik ya rubuta a littafinsa The Big Year, wanda ya fito a 2004, aka mayar da shi fim a 2011.

Taurarin uku su ne ƙarfin littafin. Sandy Komito ɗan kwangila ne daga New Jersey, mai kuɗi da taurin kai, kuma a lokacin shi ke riƙe da kambun tun 1987. Al Levantin babban jami'in kamfani ne da ya yi ritaya. Na ukun, Greg Miller, shi ya fi kama mana zuciya, domin abokin sana'armu ne: mai rubuta manhajar kwamfuta a wata tashar nukiliya a Maryland, yana gyaran matsalar kwanan wata ta shekarar 2000, yana cin bashi don sayen tikitin jirgi. Komito ya ƙare da nau'i 745, Miller 715, Levantin 711.

Obmascik ya iya ba da labari. Yana jan mai karatu daga tsibirin Attu na Alaska, inda guguwa ta koro tsuntsayen Asiya, zuwa jujin garin Brownsville a kudancin Texas, inda manyan mutane ke tsayawa cikin ɗoyi suna jiran wani hankaka ɗan Meziko. Za ka yi dariya, za ka kuma ji tausayi.

Amma a nan ƙorafinmu yake. Me ya sa hankakan nan ya zama abin nema? A ƙasarsa ba baƙo ba ne. Dokar gasar ce ta ce sai tsuntsun da aka gani a arewa da iyakar Meziko za a ƙirga. Ashe ƙarancin da ake bi ba na halitta ba ne, na taswira ne. Mu da muke aikin rumbun bayanai mun san wannan tunani sarai: abu ko dai yana cikin jeri ko ba ya ciki. Da zarar an sa masa alama, an gama da shi. Littafin yana yi wa wannan hali dariya, sai dai shi ma ya faɗa cikinsa. Gudun da taurarinsa ke yi, shi alƙalaminsa ke yi, har wuraren da aka je suka zama kamar tashar mota.

Dubi kurmin gaɓar teku na kudancin Florida a watannin zafi, daga Yuni zuwa Agusta, lokacin ruwan sama da sauro. A nan tattabarar daji mai farin kai take sheƙa a ƙananan tsibirai, cikin itatuwan da ke tsirowa a ruwan gishiri, sannan kullum ta tashi zuwa kurmin tudu ta ci 'ya'yan itace. Sare ɗaya daga cikin biyun, ka raba ta da rayuwa. A nan kuma wani tsuntsu ɗan dangin ragon maza yake ɓuya, sau da yawa kukansa kaɗai ake ji. Haka kurmin dabinon daji na kusa da Brownsville: ɗan guntu ne ya rage bayan an share mafi yawansa don noma. Wannan labari ne mai nauyi, kuma mai ƙirga ba ya da lokacin zama ya saurare shi.

Batun ya fi muhimmanci yau. Tun 2002 akwai eBird, dandalin da masu kallon tsuntsaye ke zuba abin da suka gani, kuma manhajar Merlin na iya gane tsuntsu daga kukansa. Amfaninsu ga bincike babba ne. Sai dai sanarwa guda na iya tara jama'a a kan sheƙa guda, wasu har su kunna kukan tsuntsu a waya don ya fito, a daidai lokacin da yake kiwon 'ya'yansa. Shi ya sa eBird ke ɓoye wuraren wasu nau'o'in da ake jin tsoron a cutar da su.

Muna ba da shawarar a karanta littafin, musamman marubutanmu masu son koyon yadda ake gina taurari daga mutanen gaske. Amma a karanta da ido biyu. Obmascik ya nuna mana abin da tsuntsu ke yi wa zuciyar mutum. Abin da mutum ke yi wa mazaunin tsuntsu kuwa, yana nan yana jiran marubucin da zai haƙura ya zauna a kurmi ɗaya har damina ta wuce.