Kyauta ko Guba: Sharhi a kan Ra'ayin Mauss Game da Kalmar "Gift"

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta dubi kalmar "gift" a harsunan Turai na dangin Jamusanci, da nufin auna bayanin da Marcel Mauss, masanin zamantakewa ɗan Faransa, ya yi a kanta a 1924.

2.0 Asali da Ma'anoni

Tushen kalmar shi ne aikatau mai ma'anar bayarwa, wato "give" a Ingilishi da "geben" a Jamusanci. A Ingilishi tana nufin kyauta, a tsohon Ingilishi kuwa sadaki. A Jamusanci guba take nufi, amma tsohuwar ma'anar ta saura a "Mitgift", dukiyar da amarya ke tafiya da ita gidan miji. A harsunan Suwidin da Denmak da Norwe tana nufin guba, tana kuma nufin mai aure.

3.0 Ra'ayin Mauss

Mauss na ganin cewa a al'adar Jamusawan dauri, babbar kyauta ita ce abin sha da ake miƙawa a wurin biki, wanda mai karɓa bai san ko alheri ko sharri ke cikinsa ba. Ta haka, in ji shi, kyauta da guba suka haɗu a kalma ɗaya.

Sai dai wannan hujja tana da rauni ta fuska biyu. Na farko, masana asalin kalmomi sun danganta ma'anar guba da kwaikwayon kalmar Girkanci "dosis", wadda ke nufin bayarwa, sannan gwargwadon maganin da ake bai wa majiyyaci. Ke nan sakaya zance ne ya haifar da ma'anar. Na biyu, kalmar "poison" ta Faransanci ta fito ne daga "potio" ta Latin, wato abin sha, ba tare da wata alaƙa da kyauta ba. Wannan ya nuna cewa harshe kan kauce wa ambaton abin tsoro kai tsaye ko da babu al'adar musayar kyauta a bayansa.

4.0 Kammalawa

Bayanin Mauss ya haskaka nauyin da kyauta ke ɗora wa mai karɓa, amma bai isa hujja a kan tarihin kalmar ba. Wajibi ne manazarci ya bi sawun kalma a rubuce-rubuce kafin ya yanke hukunci a kan tunanin al'umma.