Gahawar Jiƙo da Masu Sukarta a Sabon Ibadan

A teburan masu shayi na Sabo, nan Mokola, ana yawan cewa gahawa mai sanyi ba gahawa ba ce, kwaikwayon Turawa ne da 'yan boko suka ɗauko. Mai wannan magana sau da yawa yana riƙe da kofin Nescafé da aka kaɗa da madarar gwangwani, yana ganin ita ce ta iyaye da kakanni. An kafa Sabo a 1916 domin fataken goro da shanu, waɗanda Abner Cohen ya rubuta littafi a kansu a 1969. Nescafé kuwa sai a 1938 ta fito a Suwizalan. Matatar hannu da ake rainawa, wato kwalbar nan mai sanda da rariyar ƙarfe a ciki, wani ɗan Italiya, Attilio Calimani, ya yi mata rajista tun 1929. Gahawar da Sufayen Yaman suka riƙa sha a ƙarni na 15 don raya dare da zikiri daga ƙwaya ake haɗa ta. To, wace ce baƙuwar?

Hanya biyu ake bi wajen haɗa gahawa mai sanyi da matatar. Wasu su zuba ruwan zafi, su bar shi minti 4, su matse a kan ƙanƙara. Ban damu da wannan ba, don ƙanƙarar narkewa take nan take, a tashi da ruwa salam, ga asarar kuɗi. Ɗayar hanyar, jiƙo a ruwan sanyi, ita nake karewa.

Aikin daga turmi yake farawa. Soyayyar ƙwaya ake ɓarzawa kamar tsakin masara, ba a mayar da ita gari. In ta yi laushi za ta bi ta ramukan rariya, kofi ya yi laka. Gwangwanin madara ɗaya na ɓarzajjen, huɗu na ruwa mai tsabta, a juya da cokali har kowane tsaki ya jiƙe, a ɗora murfi ba tare da an danna sandar ba. Wanda ya jiƙa bayan isha'i, da hantsi ta yi, wato awa 12 zuwa 16. Firji ba dole ba ne, gindin randa ma ya isa, kuma wannan babban abu ne a unguwar da wuta ba ta da tabbas.

Wurin matsar ne ake gane hannu. Za ka tarar tsakin ya taso ya yi ɓawo a sama, da 'yar kumfa ja a gefen kwalba. Ka aza tafin hannu a kan sandar, ka bar nauyinsa kawai ya yi aiki, kamar rabin minti. In ta cije, ka ɗan ja sama ka sake sauka. Mai gaggawa da ya danna da ƙarfi zai tayar da ƙurar da ta kwanta tsawon dare. Da rariya ta kai ƙasa a juye a wata kwalba, kada a bar ruwan a kan tsaki. Ruwan sanyi ba ya jawo ɗaci da tsami irin yadda tafasasshe ke yi, shi ya sa ko ba madara tana shiga maƙogwaro lafiya. Amma ƙarfinta na nan, mai hawan jini ya yi hattara. Citta da kanumfari a dandaƙa su a jiƙa tare tun dare. Sukari ba ya narkewa da kyau a ruwan sanyi, sai a narkar da shi da ɗan ruwan ɗumi, ko a sa zuma, wadda ni na fi so. Ƙanƙarar da ake saye don sanyaya lemo kuwa a bar ta wajen kofi. In babu firji, a shanye a ranar.

Duk wannan, me ke ciki da uwargida Bahaushiya ba ta sani ba? Ita ke jiƙa tsamiya tun dare saboda kunun safe, ita ke tsima sassaƙe da saiwa ta tace da rariya. Jiƙo saninmu ne tun kafin kwalba ta zo. Garin leda ne ya raba mu da turmi da haƙuri, ya sa kowane kofi daga Sabo har Agege ɗanɗano ɗaya.

Ƙwayar ma ba sai an je nesa ba. Ana noman gahawa a tsaunin Mambila a Taraba, kuma cibiyar binciken koko da ke Idi-Ayunre, nan Ibadan, wadda aka kafa a 1964, goro da gahawa duk suna cikin aikinta. 'Yan kasuwar da suka shekara ɗari suna loda goro zuwa Arewa ba za su gaza sauko da buhun gahawa ba. Ina kira gare su su kawo ta, masu shayi kuma su ajiye matata ɗaya kusa da buta kafin azumi, mai buɗa-baki ya ɗanɗana ya yanke hukunci da kansa.