Kitson waya ya yi kyau, amma a sassauta

Jama'a, wannan yayin kitson waya da ya shigo wa masu haɗa sola ya fara isata. Da yaro ya gama aiki sai hoto a Facebook: inbata a tsakiya, batura a jere, wayoyi kaf an tattara su an zura cikin baƙar riga, an ɗaure da kebul-tai tamau. Sai ka ga ana ta zuba "Masha Allah, Injiniya!" Ba mai tambayar yadda wayar da ke tsakiyar damin take ji.

To, zafi take ji. Duk wayar da ke ɗauke da wuta tana fitar da zafi, kuma robar PVC da ke jikinta an yi ta ne don kada ta wuce digiri 70. Lissafin ƙarfin da ake ba waya an gina shi a kan yanayi mai digiri 30, mu kuwa a Afrilu Kano da Sakkwato suna haura 40, balle shago mai rufin kwano. Ƙa'idar wayarin ta Ingila, BS 7671, ta fayyace: in ka dunƙule layi uku wuri guda, kowanne ya koma kashi 70 cikin ɗari na abin da zai iya ɗauka, in shida ne kashi 57. Amma Injiniyanmu ya haɗa layin firij, da na famfon rijiyar burtsatse, da na dutsen guga, duk waya mai kaurin 2.5, ya matse su kamar kitson sallah, irin wanda ke hana yarinya barci kwana biyu.

Ga kuma rowar waya. Don hoto ya fita a miƙe, sai a yanke ta daidai wa daida, ko taƙi ba a bari. Ranar da bakin wata ya ƙone, ina za a samu rarar da za a feƙe a mayar? Sai an warware damin gaba ɗaya. Kuma ba a rubuta wa kowace suna ba. Mai gyaran da zai zo bayanka sai dai ya yi ta laluben wacce ta fito daga fanel, wacce ta nufi ɗakin Hajiya.

Na yarda, kitson ya fi zamanin da ake murɗa waya biyu a naɗe da leda. Wannan kam ba musu.

Sai dai a daina hawa da farin kebul-tai kan rufi. Rana gasa shi take yi, ya bushe ya karye, wayar ta koma tana gugar bakin kwano duk sanda iska ta taso. Baƙin, wanda aka yi don jure rana, nawa ne bambancin kuɗinsu?

Ku kuma masu datse jelar kebul-tai a karkace da filaya, ku bar mana tsini kamar reza a bayan inbata, duk wanda ya zura hannu ya fito da jini, Allah Ya isa ba zan ce ba. Amma ku sayi abin datsewa mai yanka daidai da kai, don Allah.