4.3 Tarken Hoton Kai a Ayyukan William Kentridge

A sashen da ya gabata an nuna yadda ɗaliban ajin zane kan tsaya gaban majigi, a haska musu launuka ko rubutu a fuska, sannan a ɗauki hoton. A nan kuwa za a dubi aikin wani gwanin zane mai suna William Kentridge, domin a gano abin da kan sa irin wannan aiki ya cancanci a kira shi hoton kai.

An haifi Kentridge a birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu a shekarar 1955. A 1989 ya fara jerin gajerun finafinai waɗanda ya zana musamman don a haska su da majigi. Masu katun na da kan zana sabuwar takarda ga kowane motsi. Shi kuwa takarda ɗaya yake maƙalawa a bango, ya yi zane da gawayi, ya ɗauka da kyamara, ya dawo ya goge wani sashe ya sake zanawa, ya kuma ɗauka. Da yake gawayi ba ya goguwa sarai, duk abin da ya motsa sai ya bar gurbinsa, tamkar allon almajiri da aka wanke amma ana iya ganin inuwar rubutun jiya.

A ra'ayin mai wannan nazari, wannan gurbi shi ne ƙashin bayan aikin baki ɗaya. Idan aka dubi fim ɗin Felix in Exile na 1994, wato shekarar da baƙaƙen fatar ƙasar suka fara kaɗa ƙuri'a tare da kowa, za a ga tauraronsa Felix ya yi kama da Kentridge ƙwarai a fuska da ƙirar jiki. Yana zaune tsirara a wani ɗaki, yana duba zane-zanen wata baƙar mace safiyo mai suna Nandi, wadda ke auna filayen da aka zubar da gawarwaki. Takardu sukan rufe gawar, ƙasa ta shanye ta, amma tabon gawayin yana nan. Ke nan salon zanen da jigon fim ɗin sun zama abu guda: ana ƙoƙarin shafe ta'asar wariyar launin fata, ta ƙi shafuwa. Wurin da ya fi armashi shi ne inda Felix ke aski gaban madubi, sai fuskarsa ta gushe, ta Nandi ta bayyana. Mai zane ya nemi kansa, ya iske wani.

Sai dai aikin bai rasa rauni ba. An harbe Nandi, ita ma ƙasa ta haɗiye ta, Felix kuwa ya rage a tsaye cikin ruwa yana jimami. Wahalar ta Nandi ce, amma fuskar da mai kallo zai tafi da ita ta Bature ce. Ana iya cewa Kentridge da gangan ya yi haka don ya tuhumi kansa a matsayin ɗan kallo, kuma tsiraicin Felix yana ƙarfafa wannan fassara. Duk da haka, wannan bai hana Nandi zama madubin da wani ke duba kansa a ciki ba.

A 2003 ya fito da jikinsa a 7 Fragments for Georges Méliès. A ɗaya daga cikin guntayen, an juya fim ɗin baya, sai a ga yagaggun takardu suna tashi zuwa hannunsa yana harhaɗa hoton kansa. Dabarar tana da ban sha'awa, amma ba ta kai nauyin Felix ba, saboda wasa ya rinjaye ta.

Idan aka auna ayyukan ɗaliban da wannan ma'auni, za a ga mafi yawansu majigin ne ya yi musu aiki. Hasken ya sauka a fuska ya ƙawata ta, da an kashe na'ura kuwa shi ke nan. Kaɗan ne suka zana a bisa inuwar fuskarsu, suka goge, suka sake ɗauka, kuma ayyukan waɗannan kaɗan ɗin ne za a ƙalailaice a sashe na 4.4.