"Gas Ne Ya Ƙare": Maganin Da Ake Ba Kowace Motar Da Ta Daina Sanyi A Gosulo

Mai karatu, in kana da mota ko kana yawan shiga ta wani, ka san wannan halin. Ka taso daga Zariya a watan Afrilu, AC na busa sanyi har sai ka rage shi. Kana shigowa Kano, gosulo ya riƙe ka, kafin minti biyar iska ta koma ɗumi. Hanya na buɗewa, sanyi ya dawo kamar ba abin da ya faru. Ka je gareji, tun ba a ɗaga bonet ba ka ji an ce: "Alhaji, ai gas ne ya yi ƙasa, bari a ƙara."

Wannan amsa ita muke ƙorafi a kanta yau. Ba wai ƙarya ce kullum ba. Matsalarta ita ce ana bayar da ita kafin a auna komai, kuma a irin wannan larura sau da yawa barin jaki ake yi ana dukan taiki.

AC ba ya ƙera sanyi

Aikin AC kwasar zafi ne daga cikin mota ya zubar a waje. Sinadarin da muke kira gas, wanda a yawancin motocin da ke kan titunanmu R-134a ne, yana tafasa a wajen digiri 26 ƙasa da sifili in ba a matse shi ba. A bayan dashbod yana tafasa, ya tsotse zafin iskar da fanka ke turo maka. Kwamfireso ya zuƙo shi ya matse, ya tura shi kwandensa, wato faffaɗan ƙarfen nan mai ƙananan haƙarƙari da ke gaban lagireto. A can yake sauke zafin ya koma ruwa, ya sake zagayowa.

Lura da abu biyu. Na ɗaya, gas ba fetur ba ne, ba ƙona shi ake yi ba, zagayawa yake a rufaffen bututu. Na biyu, kwandensa ba ta iya sauke zafi sai iska na ratsa ta. To a nan gizo ke saƙar. Idan kana gudu, hanya ce ke ba ta iska kyauta, injin kuma na juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti, kwamfireso na samun ƙarfi ta bel. Idan ka tsaya, juyin injin ya sauko zuwa 600 ko 900, iskar hanya ta ɗauke, komai ya rataya a wuyan fanka. Ga rana ta haura digiri 40, ga kwalta na turiri, ga salansar motar gaba na hura maka zafi.

Idan fankar ta mutu ko ta yi rauni, zafi ba ya fita, matsi ya yi ta hawa a ɓangaren kwandensa. Akwai makunnin kariya da ke kashe kwamfireso idan matsin ya wuce kima. Shi ya sa sanyin ke ɗaukewa a tsaye, ya dawo a tafe.

Laifin ƙara gas da ka

Yanzu ka ɗauka fanka ce ba ta da lafiya, aka ɗura ƙarin gas. Me aka yi? An ƙara kaya a kan wanda ya riga ya gaji. Rarar gas na taruwa a kwandensa ta cinye filin sauke zafi, matsi ya ƙara hawa, makunnin kariya ya riƙa yankewa da wuri fiye da da. In abin ya yi yawa, ruwan gas na iya komawa cikin kwamfireso, shi kuwa tururi aka yi shi ya matse, ba ruwa ba. Garin gudun kuɗin fiyus ko na injin fanka sai ka ƙare da sayen kwamfireso.

Za ka ce, "To ai ranar da aka ƙara min na ji sanyi." Ƙwarai, amma tuna yadda aka gwada. Mota na inuwa, yaron gareji na taka totur, wataƙila ma an watsa wa kwandensa ruwa. An cire duk sharuɗɗan da ke kawo matsalar, sannan aka ce ta warke.

Kowace mota tana da adadin gas ɗinta, ana rubuta shi a wata takarda da ke manne a ƙarƙashin bonet. A ƙananan motoci yawanci tsakanin giram 400 ne da 700. Da sikeli ake auna shi. Taɓa bututu da hannu a ce "ya isa" kirdado ne. Haka kuma ɗura gas ba tare da an zuƙe iska da danshi da famfo ba, bayan an kwance bututu, yana barin iska a ciki, ita kuma iska ba ta komawa ruwa a kwandensa, matsi kawai take ƙarawa.

Wanda ya fi muni shi ne haɗa kwamfireso kai tsaye a tsallake makunnin kariya don kada ya riƙa yankewa. Wannan kamar cire fitilar gargaɗi ne don ta dame ka. Matsin bai tafi ko'ina ba, wurin fashewa yake nema.

A yi wa bakanike adalci

Ƙarancin gas na iya kawo wannan alamar, haka ma kwamfireson da ya tsufa ba ya matsawa da kyau sai an taka. Amma in gas ya yi ƙasa a 'yan watanni, akwai inda yake yoyo, kuma a nan yake fita da man da ke shafe kwamfireso. Ƙarawa ba tare da toshe yoyon ba zuba ruwa ne a kwando. Ba aljihunka kaɗai ke asara ba: kilo ɗaya na R-134a yana ɗumama duniya kamar kilo 1,430 na iskar carbon dioxide, shi ya sa yarjejeniyar Kigali ta 2016 ta sa a riƙa rage irinsa. Mu masu mota ma da laifinmu. Da yawanmu mu ke shiga gareji da cewa "a ƙara min gas", kuma ba ma son biyan kuɗin bincike.

Abin da za ka duba da kanka

Ka faka, ka bar injin a kunne, ka kunna AC, ka ɗaga bonet. Kada ka kai hannu ko bakin riga kusa da fanka, tana iya tashi ba sallama.

Fanka na juyawa da ƙarfi? In ba ta tashi ba, a fara da fiyus, rile da soket kafin a ce ta ƙone. In an taɓa sauya ta, a tabbatar iska take ja zuwa wajen injin, domin juya wayoyi na sa ta juya baibai.

Leƙa kwandensa. Ƙurar hunturu, leda da ganye na toshe ta, har da tsakaninta da lagireto. A wanke da ruwa mara ƙarfi, don haƙarƙarinta saurin lanƙwashewa gare su.

Yayyafa mata ruwa kana jin iskar ciki. In sanyi ya dawo nan take, matsalar ta sauke zafi ce: fanka, datti ko rarar gas.

Sa a taka totur zuwa juyi 1,500 ko 2,000 mota na tsaye. In sanyi ya dawo alhali fanka lafiyarta ƙalau, sai a koma kan yawan gas, kwamfireso da bel. A auna wuta ma, ya kamata batir ya nuna tsakanin volt 13.5 da 14.5 idan injin na aiki.

Kalli allurar zafin injin. In ita ma tana hawa a gosulo, kashe AC nan take, maganar ta wuce ta sanyi, injin ɗinka ne ke cikin haɗari.

Idan ka koma gareji aka ce gas ne, ka tambaya cikin ladabi: "Malam, me agogon matsi ya nuna a ɓangarorin biyu, mota na tsaye ba a taka ba? Giram nawa za a sa? Ta ina na da ya fita?" Wanda ya san aikinsa zai ɗauko agogo da sikeli ya nuna maka. In kuwa an ce "kai dai bari a ƙara ka gani", rufe bonet ɗinka ka nemi wani garejin.