Yadda Ake Horar da Bes a Silimar Ƙarƙashin Ƙasa

A Amurka da Kanada gidaje da yawa suna da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, kuma can masu son fim suke kafa silimarsu ta gida. Wurin ya dace: ba taga, ba hasken rana, hayaniyar titi ba ta sauka. Matsalar bangon ne, domin kankare ne. Ɗakunan sama da katako da allon filasta ake kewaye su, bangon yana ɗan motsawa ya bar wani kaso na sauti mai kauri, wato bes, ya fice. Kankare kuwa maido da shi yake yi. Duk rugugin da wufa ta fitar, wato lasifikar bes da ake ji har a ƙirji, sai ya yi ta kai da komo a ciki.

Mai gaggawa in ya ji bes ya cushe, sai ya sayo wufa mafi girma, ya manna kwalayen ƙwai a bango, ya ce ya gama. Gwani da tef ɗin awo yake farawa, lasifika tana kashe.

Yana auna tsawo da faɗi da tsayi, ya zauna da biro. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa. In aka raba wannan da ninkin tsawon ɗaki, za a sami muryar da ɗakin yake kumburawa. Ɗaki mai mita 5 zai ba da kusan 34 Hz, wato iska ta kaɗa sau 34 a daƙiƙa. Silin mai tsayin mita 2.4 zai ba da kusan 71. A irin waɗannan muryoyi, sautin da ke tafiya da wanda bango ya maido suna karo, su tsaya wuri guda. Kamar ruwa ne a daro in an jijjiga shi: yana tashi a gefe da gefe, tsakiya ba ta motsi. Shi ya sa wanda ya jingina da bangon baya bes ke cika masa kunne, na tsakiyar ɗaki kuma yana tambaya ko wufar ta mutu. Gyaran farko ba ya cin ko sisi: a janye kujera daga tsakiya, a raba ta da bango.

Daga nan sai ya kafa makirfo na awo, irin UMIK-1, daidai inda kunnen mai kallo zai kasance, ya haɗa da kwamfuta mai manhajar REW, wadda John Mulcahy ya rubuta kuma kyauta ce. Manhajar tana sakin sauti mai hawa daga can ƙasa har sama, ta zana layi mai tuddai da ramuka, ta kuma nuna tsawon lokacin da kowace murya ke ɗauka kafin ta mutu. Wannan awo ya samo asali tun 1895, lokacin da Jami'ar Harvard ta ɗora wa Wallace Sabine gyaran wani zauren lacca da ba a gane magana a cikinsa. Cikin dare shi da mataimakansa suke jigilar kushin kujeru daga wani zaure, ya busa bututun organ, wato kayan kiɗan coci, ya duba agogo, kafin safiya su mayar da kayan mutane. Zauren kiɗa na Boston da aka buɗe a 1900 da lissafinsa aka tsara shi. A silimar gida ana neman sauti ya mutu cikin kimanin sulusin daƙiƙa.

Abin da ya fi burge ni shi ne neman mazaunin wufa. Gwani yakan ɗora ta a kan kujerar mai gida, ya kunna bes, ya durƙusa ya bi jikin bango da rarrafe yana saurare. Inda ya ji bes ya fito sumul, ba kumburi ba rami, nan zai ajiye ta, domin hanyar sauti daga kujera zuwa can ita ce daga can zuwa kujera. Kunne ba ya cika gane inda sautin ƙasa da 80 Hz yake fitowa, don haka yana da 'yancin kai ta ko'ina. In kujerun suna da yawa, wufa biyu a tsakiyar bango biyu masu fuskantar juna sun fi ɗaya katuwa, kamar yadda binciken Todd Welti na kamfanin Harman ya nuna.

Sai madubi. Mutum ɗaya ya zauna a kujerar kallo, ɗaya ya ja madubi a jikin bango. Duk inda na zaune ya hango lasifika, nan sauti ke fara dukan bango ya zo kunne ya dagula magana. Nan ake rataya allo mai cike da audugar dutse, kauri kamar santimita 10, an lulluɓe shi da yadin da in ka hura iska za ta wuce.

Bes bai san wannan allo ba. Igiyar 100 Hz tsawonta mita 3.4, kuma abu mai laushi yana shanye ta sosai ne in kaurinsa ya kusanci rubu'inta, santimita 86. Soso mai santimita 5 sautin sama kawai yake cinyewa, ya bar ɗaki a dushe, rugugi yana nan. Don haka gwani yake yanka audugar mai kusurwa uku, ya jera ta a kusurwoyin ɗaki daga ƙasa har silin, inda bes ke taruwa. Kafin ya jera, sai ya tabbatar bangon ba ya tsatsafo da ruwa, don ɗakin ƙasa da danshi abokai ne.

Na'urar daidaita sauti ita ce ta ƙarshe. Da ita yake aske tuddan da suka rage, ya sake awo. Ramuka kuwa ba ya taɓa su da ita: inda sauti biyu ke kashe juna, in ka ƙara ƙarfi duka biyun ka ƙara wa, sai dai wufa ta yi zafi a banza. Maganin rami shi ne a matsar da wufa ko kujera.