Jinjina ga Masuntan Red Lake

A arewacin jihar Minnesota ta Amurka akwai wata al'umma ta ƙabilar Chippewa da ta cancanci yabo, wato mutanen Red Lake. A shekarar 1889, lokacin da gwamnatin Amurka ke yanka filayen ƴan asalin ƙasa gida-gida, dattawansu suka ƙi amincewa. Har yau ƙasarsu mallakin kowa da kowa ce.

Babban arzikinsu shi ne tafkin Red Lake da kifinsa mai suna walleye. An fara kamun kifi na kasuwanci a 1917, lokacin ƙarancin abinci na Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma a 1929 masuntan suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa. Sai dai yawan kamu ya kusa ƙarar da kifin. A 1997 masuntan da kansu suka yanke shawarar ajiye taru, duk da cewa da shi suke ciyar da iyalansu. Wannan ba ƙaramar jarumta ba ce.

A 1999 suka ƙulla yarjejeniya da hukumomin jiha da na tarayya, aka riƙa zuba ƴaƴan kifi, aka hana kamu. Haƙuri ya yi rana: a 2006 aka sake buɗe tafkin, daga baya masana'antar sarrafa kifi ta garin Redby ta dawo aiki, matasa suka sami abin yi.

Masuntan Red Lake, kun fifita jikokinku a kan ribar yau.